Kakin kwastan ko aikin kiliyarin? Amsa ga matashin Aboabo

Wannan ce wasiƙar da ta iso mana, mun ɗan taƙaita ta:

"Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 26 a Aboabo, nan Kumasi. Na yi HND a fannin saye da samar da kaya, na gama hidimar ƙasa bara, har yau ina zaune. Tun ina yaro nake sha'awar harkar shigo da kaya da fitar da su. Yanzu hanya biyu ke gabana. Wani mutum ya ce in kawo sidi 20,000 zai sa sunana a jerin firotokol na shiga aikin kwastan, mahaifiyata kuma ta ce za ta ɗauki adashinta ta ba ni. Kawuna kuma yana Ashaiman, yana aikin kiliyarin, wato fitar wa mutane kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema, amma ba shi da lasisi, da sunan kamfanin wani yake aiki. Ya ce in zo in riƙa bin sa. Wanne zan kama? In kuma duka biyun ba hanya ba ce, ta ina ake shiga wannan aiki?"

Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Allah ya yi wa Hajiya albarka da wannan niyya tata, amma kada ka bari ta taɓa adashin nan. Kwastan ɓangare ne na Hukumar Tara Haraji ta Ghana, wato GRA, tun da aka haɗe hukumomin haraji wuri guda a 2009, kuma ɗaukar ma'aikacin gwamnati ba da kuɗin da ake miƙawa a ɓoye ake yin sa ba. Ka ce wa mutumin ya ba ka rasit mai hatimi, ka ga yadda fuskarsa za ta canza. In ya cinye kuɗin, ba ka da bakin kai ƙara, don kai ma abin da ka je yi ba halal ba ne a doka. In kuma da gaske yana da hanya, to ka fara aiki da igiya a wuya, ƙarshenta a hannun wani. Duk ranar da hukumar ta yi shelar ɗaukar aiki, ka cike takarda kamar kowa. Wannan magana ta ƙare a nan.

Inda muke so mu zauna da kai shi ne tunanin da ya sa ka ga hanya biyu ce kawai. Matasa da yawa a zangonninmu suna zaton harkar nan ko dai ka sa kaki, ko ka riƙa gudu da fayil a hammata tsakanin ofis da ofis. Alhali kwantena ɗaya da ta sauka a Tema tana ratsa hannun mutane da dama waɗanda ba su taɓa sa kaki ba: ma'aikacin kamfanin da ya yi odar kayan, mai cike takardar shigar da kaya a kamfanin kiliyarin, magatakardan kamfanin jirgi, ma'aikacin banki da ke duba takardun biya, ɗan inshora, mai kula da sito, da mai shirya motocin da za su ɗauke ta. Dukansu abu ɗaya suke ci da shi: sanin ƙa'ida. Kakanninmu fatake da suka riƙa ɗaukar goro daga ƙasar Asante ta Salaga zuwa Kano sun san haka. Ba ƙarfin jakuna ke kai ayari gida ba, madugu ne da ya san inda ake biya, nawa ake biya, da wanda ake biya. Kalmar kuɗin fito ma da muke kiran harajin kwastan da ita, asalinta kuɗin da ake ba mai kwalekwale ne ya fitar da kai kogi.

To, sanin ƙa'idar nan tambaya uku ce, kuma duk wata rigima da za ka gani a bakin tasha daga ɗayansu ta taso. Wane kaya ne? Nawa ne darajarsa? Ɗan wace ƙasa ne?

Ta farko ita ce ƙashin bayan sana'ar, kuma ita ce mafi yawan masu gudu da fayil ba su iya ba. Kowane kaya a duniya yana da lamba a tsarin da ake kira HS, wanda Ƙungiyar Kwastan ta Duniya da ke Burasel take kula da shi. An kasa tsarin sashe 21. Lambobi 6 na farko iri ɗaya ne a kusan ko'ina, ƙasashen ECOWAS kuma sun ƙara 4 suka zama 10. Goronmu yana 0802.70. Kashu da ɓawonsa 0801.31, wanda aka ɓare 0801.32. Shinkafa tana ƙarƙashin 1006, gwanjon da ke cika kasuwa 6309, sabuwar taya 4011, tsohuwa 4012. Lambar ce ke faɗa maka kashi nawa za a biya. Tarif ɗin bai-ɗaya na ECOWAS, wanda Ghana ta fara aiki da shi a 2016, hawa 5 ne: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari.

Ba haddar lambobi ake nema a wurinka ba, littafin yana nan. Abin da ake nema shi ne ka iya ƙa'idoji 6 na fassara da ke farkon littafin, ka kuma saba da karanta bayanan da ke kan kowane sashe da kowane babi kafin ka zaɓi lamba. Ga misali. Wani ɗan kasuwa daga Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sifiya a Kumasi, ya yi odar babura 40, amma don su shiga kwantena sai aka kwance su: firam a kwali ɗaya, inji a wani, tayoyi a ɗaure gefe. Zai ce maka ka rubuta sifiya, wato 8714. Ƙa'ida ta 2 kuwa ta ce kayan da aka kawo a kwance ko ba a gama haɗa shi ba, muddin yana da ainihin siffar cikakken kayan, to cikakke ne. Babura ne, 8711. Jami'in da ya buɗe kwantena ya ƙirga firam 40, inji 40, tankin mai 40, ba sai an yi masa bayani ba. Wani misalin: jakar wanzami mai injin aski na lantarki, da mataji, da almakashi, da buroshi, duk a kunshi ɗaya na sayarwa. Ba za ka raba su lamba huɗu ba. Ƙa'ida ta 3 ta ce ka duba wanda ya ba kunshin ainihinsa, injin askin ke nan, 8510.

Ka fara wannan atisaye gobe, ba ka buƙatar kowa. Ka shiga kasuwar Kejetia da ɗan littafi, ka rubuta kaya 10 da idonka ya faɗa kai: bokitin roba, fitilar caji, tabarmar leda, tumatirin gwangwani, takalmin soso. Ka dawo gida ka nemo lambar kowanne a tarif, ka rubuta dalilinka a ƙasa, da ƙa'idar da ka dogara da ita. Nan da nan za ka gane cewa "takalmi" ba bayani ba ne. Da me aka yi samansa, da me aka yi tafinsa? "Yadi" ma haka: auduga ce ko roba, kashi nawa, wace irin saƙa ce? Wanda ya yi wata 3 yana kaya 10 kullum ya taɓa kaya wajen 900. Ka lura kuma ana sabunta tsarin lokaci-lokaci, na baya-bayan nan ya fara aiki a farkon 2022, saboda haka tsohon littafin da ka tsinta a ofis zai iya kai ka ga lambar da aka riga aka soke.

Tambaya ta biyu, daraja. Ghana tana lissafin kuɗin fito a kan abin da ake kira CIF: kuɗin kaya, da kuɗin jirgi, da inshora, a haɗe. A ce kaya ne na dala 20,000, jirgi ya ci 3,000, inshora 200. Darajar kwastan ta zama 23,200. In lambar tana hawan kashi 10, kuɗin fito 2,320 ne. In tana hawan kashi 20, ya zama 4,640. Kuskuren lamba ɗaya ya motsa dala 2,320, kuma ba a nan ya tsaya ba, don harajin VAT yana hawa ne a kan darajar da aka riga aka ɗora wa kuɗin fito. Ga harajin ECOWAS na kashi 0.5 a kan kayan da suka fito daga wajen yankin, a misalinmu dala 116, ga na Tarayyar Afirka kashi 0.2, ga na inshorar lafiya da na asusun ilimi, da wasu ƙanana. Waɗannan ƙananan su ne kasafin kuɗi ke yawan taɓawa, saboda haka ka mayar da karanta kasafin kowace shekara wajibi. Sannan a sidi ake biya, da farashin canjin da kwastan ke amfani da shi a lokacin, ba na ɗan canjin unguwa ba. Ƙiyasin da ka ba mai kaya wata guda da ya wuce zai iya zama ƙarya yau ba tare da ka yi ƙarya ba. Ka riƙa rubuta kwanan wata da farashin canji a jikin kowane ƙiyasi.

Ƙa'idar duniya ita ce a karɓi farashin da aka biya da gaske. In kwastan ta yi shakka, akwai matakan da ake bi ɗaya bayan ɗaya: a duba kaya iri ɗaya sak da aka taɓa shigowa da shi, sannan mai kama da shi, har zuwa mataki na 6. Abin da ke kare ka a nan takardu ne: inbois na gaskiya, shaidar tura kuɗi ta banki, saƙonnin ciniki, takardar kuɗin jirgi. Kuma a nan ne za a fara gwada ka. Ranar da mai kaya zai ce maka, "Ɗan Hajiya, ai kowa yana yi, mu sa rabin kuɗin a inbois," tana nan tafe. Ka sani cewa fitar kwantena daga ƙofa ba shi ne ƙarshen magana ba. Akwai binciken bayan fitar kaya, ana iya zuwa a buɗe littattafan kamfani bayan shekaru, a gwada abin da ya tura ta banki da abin da ya faɗa wa kwastan. Shi ya sa ake ajiye takardu shekara 6. In aka kama, za a biya abin da aka rage, a ɗora tara, wani lokaci a ƙwace kaya ko a dakatar da lasisi. Mai kaya zai ce shi bai iya turanci ba, kai ka rubuta.

Bari mu ɗan ratse kan sharuɗɗan ciniki, don 'yan kasuwarmu suna yawan ƙonewa a kansu. Su 11 ne a bugun 2020 na Incoterms, kuma kowanne yana faɗin wa ke biyan me, da inda asara ke tashi daga kan mai sayarwa ta koma kan mai saye. Alhaji ya sayi kaya a kan CIF Tema, sai ya ɗauka duk abin da ya sami kayan kafin Tema na mai sayarwa ne. Ba haka ba ne. Mai sayarwa ya biya jirgi da inshora, amma asara ta koma kan Alhaji tun lokacin da aka ɗora kayan a jirgi can tashar da suka taso. In ruwa ya shiga kwantena a teku, kamfanin inshora zai bi, ba mai sayarwa ba, kuma inshorar da CIF ta wajabta mafi ƙanƙanta ce. Yaron da ya iya zaunar da Alhaji ya bayyana masa wannan da Hausa tun kafin ya tura kuɗi, ya fi masa amfani a kan masu gudu goma.

Tambaya ta uku, asalin kaya, ita ce muke ganin ta fi buɗe wa irinku ƙofa. Sakatariyar yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka, AfCFTA, a Accra take. An sa hannu a Kigali a 2018, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021, da niyyar janye haraji sannu a hankali a kan kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in kaya. Kafin ita akwai tsarin ECOWAS da ake kira ETLS. Duka biyun rangwame suke bayarwa, amma ga kayan da aka tabbatar 'yan gida ne. Inda mota ta yi lodi ba shi ne asali ba. Kayan Sin da aka sauke a Lome aka tsallako da su ta iyakar Aflao ba su zama 'yan Togo ba, ko an sake musu kwali. Sai dai kayan ya zama an noma shi ko an haƙo shi gaba ɗaya a ƙasar, ko an sarrafa shi har lambarsa ta HS ta canza, ko an ƙara masa daraja gwargwadon da ƙa'ida ta yanka. Ka ga yadda tambaya ta uku ta koma ta jingina da ta farko. Ƙananan masana'antu da yawa, masu man kaɗe, masu sabulu, masu sarrafa kashu, suna biyan harajin da bai kamata su biya ba a iyaka, ko motarsu ta kwana a can, don ba su da wanda zai yi musu rajistar kaya ya haɗa musu takardar shaidar asali. Wannan aiki ne da za ka iya yi kana zaune a Kumasi.

Yanzu ga yadda aikin ke gudana a Tema, don ka san abin da za ka tarar. Tun 2020 komai ta manhajar kwastan da ake kira ICUMS yake bi. Mai kaya yana buƙatar lambar haraji, wadda ga mutum ɗaya lambar katin ɗan ƙasa ce yanzu. Ana buɗe wa kayan lambar shaida, a cike takardar sanar da shigo da kaya, a nemi izinin hukumomin da abin ya shafa: abinci da magani da kayan shafa na hukumar abinci da magunguna ne, wato FDA, ingancin kaya na hukumar ma'auni ne, tsirrai da iri na sashen kare tsirrai na ma'aikatar gona ne, sinadarai na hukumar muhalli ne. Sai a shigar da takardar kaya, kwastan ta duba lamba da daraja, a fitar da lissafi, a biya a banki. Daga nan manhajar ta jefa kayan a layi: kore ya wuce, ruwan ɗorawa a ƙara duba takardu ko a haska kwantena da na'ura, ja a buɗe a gani da ido. Ana biyan kamfanin jirgi ya saki kaya, a biya kuɗin tasha, mota ta shiga ta ɗauka.

A faɗe abu ne mai sauƙi. Abin da ke ɓata shi ƙananan abubuwa ne. Takardar jirgi, wadda kowa ke kira BL, ta ce kwali 850, takardar jerin kaya ta ce 805, don wani magatakarda a can ya juya lamba. Sunan mai karɓa a BL sunan Alhaji ne, amma rajistar haraji da sunan kamfaninsa take. An rubuta kilo 18,400 a wata takarda, 14,800 a wata. Kowanne daga cikin waɗannan yana nufin gyaran manifes, wato jerin kayan da jirgi ya ɗauko, gyaran kuma sai ya bi ta kamfanin jirgi, da kuɗi, da kwanaki. Kwanakin kuwa ba kyauta ba ne. Galibi kwana 7 ake ba kayan cikin gida, daga nan damarej, wato kuɗin jinkiri na kamfanin jirgi, ya fara ƙirga a kan kowace kwantena, kuɗin ajiya na tasha ma yana nasa daban. In kaya suka wuce wa'adin doka ba a fitar da su ba, kwana 30 ga kaya na yau da kullum, 60 ga mota, suna iya shiga jerin waɗanda gwamnati za ta yi gwanjonsu. Maganin duk wannan ɗabi'a ɗaya ce: ka nemi a turo maka daftarin BL tun jirgi bai taso ba, ka shimfiɗa shi kusa da inbois da jerin kaya, ka bi su layi-layi da biro. Suna, adireshi, lambar kwantena, lambar hatimi, adadi, nauyi, bayanin kaya. Minti 20 ne. Izinin hukumomi ma tun kaya na kan ruwa ake nema, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ka san abin da aka hana tun kafin a yi oda: tsohon firji da tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki an hana shigo da su, mota mai sitiyari a dama ma haka, motar da ta haura shekara 10 kuma tana da tara ta musamman.

Mu dawo kan Kawu. Ba mu ce ka guje shi ba, da ɗan gari akan ci gari. Mutumin da ya yi shekaru a tasha ya san wace taga ake fara zuwa, ya san direban da ke cika alkawari, ya san abin da ba a rubuta a littafi ba. Amma ka dubi matsayinsa da idon basira. Lasisin kiliyarin kamfani mai rajista ake ba, bayan ya ajiye jingina kuma yana da wanda ya ci jarrabawar ƙwarewa ta kwastan. Duk takardar da aka shigar a ICUMS da sunan mai lasisi take fita. Wanda ke aiki a inuwar wani ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba shi da abin da zai rubuta a takardar neman aiki bayan shekara 5, kuma ranar da abu ya ɓaci mai lasisi zai ce bai san shi ba. Mutanen ƙasar nan suna kiran masu irin wannan shige-da-fice "goro boyis", abin takaici da kalmarmu aka yi musu suna. Saboda haka abin da za ka roƙi Kawu ba "in riƙa bin ka" ba ne. Ka je da kanka, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce: "Kawu, so nake ka kai ni wurin mai kamfanin da kake aiki da shi, ka tsaya mini a ɗauke ni koyon aiki a ofis, da takarda." Ka nemi teburin takardu, kusa da mai shigar da bayanai a kwamfuta, ko da abin da za a ba ka kuɗin mota ne kawai a farko. Wata 6 a wannan teburi, kana fita tasha kwana ɗaya ko biyu a mako don ka ga yadda ake buɗe kwantena, ya fi shekara 3 na riƙe wa wani fayil. In Kawu ya ba ka wurin kwana a Ashaiman, ya riga ya ɗauke maka nauyi mafi girma.

Karatu kuma, HND ɗinka ta isa ta buɗe ƙofa, abin da ya rage takardar sana'a ce. Cibiyar masu jigilar kaya ta Ghana, GIFF, tana koyar da difloma ta FIATA, ƙungiyar masu jigilar kaya ta duniya, wadda aka sani a ƙasashen waje. Akwai Jami'ar Harkokin Teku da ke Nungua, akwai CILT, cibiyar ƙwararrun jigila da sufuri, nan gida kuma jami'ar KNUST tana da fannin jigila da sarrafa kaya in kana son ɗorawa zuwa digiri. Ba duka za ka yi ba. Ka fara aiki tukuna, ka ga ɓangaren da ya karɓe ka, sannan ka zaɓi ɗaya. In har Hajiya ta dage sai ta taimaka, ga inda kuɗinta zai yi amfani, wurin da ake ba da rasit. Kafin nan akwai na kyauta: Dokar Kwastan ta 2015, mai lamba 891, ka karanta ta daga farko har ƙarshe, ko da shafi 5 ne a rana. Ka kuma iya Excel sosai, har ka gina wa kanka jadawalin da in ka zuba kuɗin kaya da lamba da farashin canji zai fitar maka da ƙiyasi. Ranar ganawar neman aiki ka tafi da shi da littafinka na Kejetia. Mai kamfani ya gaji da ganin takardun makaranta, wannan kuwa bai saba gani ba.

Akwai jarin da kake da shi wanda ba ka ambata ba, wataƙila don ba ka ɗauke shi jari ba: harshenka. Kayan Burkina Faso da Mali da Nijar da yawa ta Tema suke sauka, su bi ta Kumasi da Tamale su fita ta iyakar Paga. Wannan kaya ne na wucewa, ba a biya musu kuɗin fito a Ghana, amma ana ɗaure su da jinginar inshora, a sa musu hatimi da na'urar bibiya, a yanka musu hanya da kwanaki. In mota ta kauce hanya, ko aka sauke kaya a cikin ƙasa, ko ba a rufe takarda a iyaka ba, jinginar ce za ta biya, sannan a bi wanda ya shigar da takardar. Yawancin masu kayan Nijar da direbobinsu da Hausa suke ciniki, takardunsu kuma da Faransanci. Ga shi ƙasashen uku sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka dole mai wannan layi ya riƙa bin sanarwa a kai a kai. Wanda ke da Hausa da Turanci da Tuwi, ya ƙara Faransanci na karanta takarda da amsa waya, kamfanin jigila ba ya sakin sa da wasa. Akwai Alliance Française a Kumasi, ka fara tun kafin ka tafi.

Kada kuma hankalinka ya tsaya kan shigo da kaya kaɗai. Fitarwa ma tana da nata ƙa'idojin, kuma a can kuskure ya fi tsada, don kayan sun riga sun yi nisa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da karɓar barkono da wasu kayan lambu daga Ghana saboda ƙwarin da ake samu a ciki, ba a ɗage ba sai bayan fiye da shekara 2. Takardar lafiyar tsirrai, katakon ɗora kaya da aka gasa aka buga wa hatimi, nauyin kwantena da aka tabbatar kafin lodi, da dawo da kuɗin kaya ta banki kamar yadda Babban Banki ya shar'anta, duk suna buƙatar mai lura. In kuma ka ga lissafi da takardu sun fi kwanta maka a kan hayaniyar tasha, teburin cinikin ƙasashen waje na banki yana nan. A can, takardar lamunin banki tana iya tsayawa saboda harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin inbois da BL.

Abu na ƙarshe da za mu ja kunnenka a kai shi ne kuɗin mutane. Da zarar an san ka a unguwa, za a fara turo maka kuɗin fito ta waya, wani lokaci adadin da ba ka taɓa riƙewa ba. Masu sana'ar nan da yawa ba rashin ilimi ya kashe su ba, taɓa kuɗin wannan don a toshe ramin wancan ne. In da hali, ka tura wa mai kaya lissafin da manhaja ta fitar ya je banki ya biya da kansa. In dole ta hannunka zai bi, ka raba masa a rubuce: ga na gwamnati, ga na kamfanin jirgi, ga na tasha, ga na mota, ga ladan aiki, kowanne da rasit ɗinsa a maƙale. Kuma kada ka taɓa ba wani lambar sirrinka ta shiga manhaja, ko da wanda kuke cin tuwo kwano ɗaya ne.

Hajiya kuma kada ka ce mata kawai "an ce kada in bayar." Ka zauna ka nuna mata tsarinka da watanni: wata 3 a gida kana atisayen lambobi da Faransanci da karatun doka, bayan haka ka sauka Ashaiman wurin ɗan'uwanta, kuɗin adashi kuma ya zauna a hannunta har ranar biyan kuɗin difloma. Ka roƙe ta ita ta fara kiran Kawu kafin ka je, don maganar kai ka wurin mai kamfani za ta fi nauyi in daga bakinta ta fito.